Mita Da Zango: Yadda Bahaushe Ya Yi Da Kalmar "Frequency"

Gabatarwa

Akwai wata tambaya da wani abokina mai karatun kimiyya ya taɓa yi mini a ɗakin kwananmu, wadda ta hana ni sakat kwana da kwanaki. Cewa ya yi, "Kai da kake karatun Hausa, yaya ake cewa frequency da Hausa?" Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai na tarar ba ni da kalma guda ɗaya tak da zan miƙa masa. Ya yi dariya, ya ce ai dama ya sani Hausa ba ta da ita.

Wannan dariya ce ta sa na zauna na bi sawun kalmar, na kuma duba yadda mutanen yankinmu na gabashin Sakkwato, watau Wurno da Raba da Goronyo, suka yi da ita tun lokacin da ta iso musu. Abin da na gano shi ne, Bahaushe bai ari wannan kalma ba kamar yadda ya ari mota da tebur da asibiti. Raba ta ya yi gida biyu. Gida ɗaya ya tarar yana da kalmominsa tun kaka da kakanni. Ɗaya gidan kuwa, wanda ya zo tare da rediyo, ya yi masa suna da abin da idonsa ya gani da abin da ya gada daga fatake. Wannan shi ne abin da nake so in ɗan tattauna da 'yan'uwana ɗalibai da malamaina a cikin wannan maƙala.

Asalin Kalmar

Ita kanta kalmar baƙuwa ce a Turanci. Daga Latin ta fito, inda tushenta ke nufin cunkoso ko taron jama'a. Da wannan ma'ana ta shiga Turanci a ƙarni na 16. A ƙarni na 17 sai ta koma nufin yawan aukuwar abu, watau sau nawa abu ke faruwa. A ƙarni na 19 masana kimiyya suka ɗauke ta suka ba ta aiki na musamman: sau nawa abu ke kaɗawa ko maimaita kansa a cikin daƙiƙa ɗaya. Ma'anar farko ta mutu, biyun na baya su ne ke raye.

Ya kamata mai karatu ya lura da wannan. Su ma Turawa ba daga sama kalmar kimiyya ta faɗo musu ba. Kalmar kasuwa ce suka yi ta jan ta har ta shiga ɗakin gwaje-gwaje. Ke nan idan Bahaushe ya ja tasa kalmar ta kasuwa ya kai ta can, bai yi wani abin kunya ba.

Ma'ana Ta Farko: Sau Nawa?

A wannan gida, Hausa ba ta bukatar aro. Muna da "sau" na ƙidaya: sau ɗaya, sau uku, sau tari. Muna da matakai daki-daki, daga kullum zuwa a kai a kai, zuwa lokaci-lokaci, zuwa jefi-jefi, har zuwa "ba safai ba" da "ba kasafai ba". Muna ninka suna mu ce mako-mako ko shekara-shekara. Bugu da ƙari, abin da Bature ke bukatar ƙarin kalma kafin ya faɗa, mu a cikin nahawunmu yake zaune. Idan na ce "yakan je Wurno", wannan "kan" ta riga ta sanar da cewa zuwan sabo ne, ba sau ɗaya ba ne. Haka kuma idan na ce "ya tattambaya" ko "ta yayyanka", ninkin gaɓar farko ya nuna an maimaita aikin. Duk ɗalibin da ya zauna ajin nahawu ya san wannan.

Rayuwar yankinmu ma a kan wannan lissafi take tafiya. Kasuwannin ƙauye mako-mako suke ci, kowace da ranarta. Ta Goronyo ranar Lahadi take ci, kuma da ranar kasuwa manomi ke ƙulla alkawari, da ita ake sa ranar biyan bashi. Mai noman albasa ko shinkafa a fadamar Rima ya san bayan kwana nawa zai sake ban ruwa. Ba wanda ya koya masa wata kalmar Turanci kafin ya san haka.

Amma fa akwai inda fassara ke iya jawo ɓarna. Idan likita ya rubuta a sha magani bayan kowace awa 8, mai ba da magani yakan ce wa majinyaci "sau uku a rana". Majinyaci ya sha da safe, ya sha da azahar, ya sha da magariba, ya kwana har gari ya waye bai sha ba. Ƙidaya ta cika, amma tazara ta ɓaci. Kalmar Turancin ta ƙunshi abu biyu, yawan lokuta da kuma ratar da ke tsakaninsu, don haka wajibi ne mai fassara ya faɗi duka biyun.

Haka abin yake game da ambaliya. An kammala madatsar ruwa ta Goronyo a kan gulbin Rima a 1984. A watan Satumba na 2010 ruwa ya yi ƙarfi, ya ci garuruwa da gonaki a bakin gulbin, har ya karya gadar da ke kai mutum mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Injiniyoyin ruwa suna da abin da suke kira ambaliyar shekara 100. Wanda ya ji wannan magana a fassare sai ya ɗauka idan ta zo bana, ba za ta sake zuwa ba sai jikokinsa sun tsufa. Alhali nufinsu shi ne, a kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100 ta zo, kuma tana iya zuwa shekara biyu a jere. Mutumin da ya sake gini a bakin gulbi saboda gurguwar fassara, ka ga kalma ta ci masa gida.

Kafin Zuwan Rediyo

Kafin mu shiga ma'ana ta biyu, bari mu koma baya mu ga yadda labari ke tafiya a wannan yanki, domin a can ne ɗaya daga cikin kalmominmu biyu ta samo asali.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya kafa Wurno ta zama ribaɗi, don tsare gabashin Sakkwato daga hare-haren Gobirawa. A can ya zauna a ƙarshen rayuwarsa, a can ya rasu a 1837, can kuma hubbarensa yake. Ɗansa Aliyu Babba shi ma ya mai da ita mazauninsa, har matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya sauka garin a 1853. A wancan zamani Wurno cibiyar labari ce. Wasiƙun sarakunan Kano da Katsina da Zazzau da Adamawa a hannun manzanni suke zuwa, bisa dawaki ko a ƙasa. A cikin gari kuma sai shela, sai tambari, sai bakin maroƙa.

Talaka kuwa a zango yake samun labarin duniya. Zango shi ne inda ayarin fatake ke sauke kaya su kwana, kuma shi ne tazarar da ke tsakanin masauki da masauki. Da shi ake auna nisa, a ce tsakanin gari kaza da gari kaza zango uku ne. Duk wanda ke son sanin farashin goro a Gwanja ko halin da hanya ke ciki, sai ya nufi zango da maraice. Saboda haka tun tuni kalmar ta haɗa abu biyu a zuciyar Bahaushe: awon nisa, da wurin jin labari.

A daidai lokacin da ake wannan rayuwa, a 1887 wani masani Bajamushe mai suna Heinrich Hertz ya tabbatar da cewa akwai igiyoyin lantarki da ke tafiya cikin sarari ba tare da waya ba. Da sunansa ake kiran ma'aunin kaɗawarsu a yau: kaɗawa ɗaya a daƙiƙa ita ce hertz ɗaya. A watan Disamba na 1901 Marconi, mutumin Italiya, ya aika da alama ta iska daga Ingila zuwa ɗaya gaɓar tekun Atlantika. Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni, ranar 15 ga Maris 1903, Turawa suka ci Sakkwato.

Akwati Ya Iso

Rediyon farko da Turawan mulkin mallaka suka kawo Nijeriya ba irin wanda muka sani ba ne. Akwati ne da ake jawo masa waya daga tasha guda, a kafa shi a gida ko a dandali. An fara shi a Ikko a 1935, ya iso Kano a 1944. Wannan akwati ba ya da abin murɗawa don neman tasha. Abin da aka aiko maka shi za ka ji. Tun da babu zaɓi, babu bukatar sanin inda tasha take, saboda haka babu bukatar kalma.

Bukatar ta taso ne da abubuwa biyu suka haɗu. Na farko, ƙaramin rediyo mai aiki da batir ya fito, ya yi araha, ya shiga ƙauyukan da ko labarin wutar lantarki ba su ji ba. Na biyu, tashoshin Hausa suka yawaita. Ranar 13 ga Maris 1957 BBC ta fara shirinta na Hausa, inda Aminu Abdullahi Malumfashi ya gabatar da shiri na minti 15. Da farko sau biyu a mako ake yi, a 1958 ya koma kullum. A 1963 Jamus da Sin suka buɗe nasu sassan Hausa, Muryar Amurka ta biyo baya a 1979, Faransa kuma a 2007.

A gida kuwa, ɗan wannan yanki ne ya taka babbar rawa. An haifi Ahmadu Bello a Raba, ya kuma riƙe sarautar garin tun 1934 kafin a naɗa shi Sardaunan Sakkwato. Da ya zama Firimiyan Jihar Arewa, gwamnatinsa ta kafa gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna a 1962, domin Arewa ta riƙa magana da bakinta. Ta nan manomin Goronyo ya ji Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Anace ba tare da ya je fada ko dandalin dambe ba, ta nan ya ji sunansa a Zaɓi Sonka. Kuma ta wannan gidan rediyo ne Manjo Nzeogwu ya yi jawabinsa ranar 15 ga Janairu 1966, ranar da aka kashe Sardauna. Allah ya ji ƙansa. Tun daga ranar nan mutanenmu suka gane cewa duk wanda ya riƙe tasha ya riƙe kunnen jama'a.

Gwamnati ma ta gane haka. Da aka sake tsarin gidajen rediyo a 1978, doka ta keɓe wa Rediyon Tarayya ikon watsa shiri a kan gajeren zango, aka bar gidajen jihohi da ƙarfin da bai wuce jiharsu ba. Watau zangon da aka ba ka shi ne iyakar inda muryarka za ta kai.

Mita Da Zango

To, mai akwati ya samu zaɓi, yaya zai faɗi inda tasha take? Da ya dubi fuskar rediyonsa sai ya ga lambobi a jere: 16, 19, 25, 31, 41, 49, kowace da alamar mita a gefenta. Masu gabatarwa su ma haka suke sanarwa, a ce ana iya kama mu a kan mita kaza da mita kaza. Sai kalmar ta zauna. An kuma raba igiyoyin gida-gida, aka ce gajeren zango da matsakaicin zango. Duk wanda ya fara wannan fassara ya cancanci yabo, domin ya ɗauko kalmar da ke nufin awon nisa kuma take tuna wa mutum wurin jin labari.

Sauran kalmomin ma daga rayuwar yau da kullum suka fito. Tasha ta faro daga jirgin ƙasa, ta koma ta mota, sannan ta hau iska. Ba a ce "nemo" ba, cewa aka yi "kamo", sai ka ce kaza ake bi. Kakana, wanda har ya bar duniya bai rabu da akwatinsa ba, da magariba yakan miƙo mini shi ya ce, "Kai yaro, kamo muna Landan." Bai taɓa sanin lambar ba. Da yatsa da kunne ya san wurin, tsakanin wata tasha mai Faransanci da wani wuri mai yawan shuuu.

A nan ne fa za a yi hattara, domin mita ba ita ce frequency ba. Kishiyarta ce ma. Bari in kawo misali. A ce raƙumi da jaki sun tashi daga Wurno za su Raba, sun jera kafaɗa da kafaɗa, sun isa tare. Raƙumi takunsa dogo ne, don haka taku kaɗan ya yi. Jaki takunsa gajere ne, dole ya yawaita taku. Igiyoyin rediyo duka gudunsu ɗaya ne, kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa. Mita ita ce tsawon taku ɗaya. Frequency kuwa ita ce yawan taku a daƙiƙa. Idan ɗaya ta hau, ɗaya sai ta sauka. Lissafin mai sauƙi ne: raba 300 da adadin megahertz, watau miliyoyin kaɗawa a daƙiƙa, ka samu mita. Rediyon Kaduna ya daɗe yana watsa Hausa a kan kilohertz 6090, watau kaɗawa miliyan 6 da ɗoriya a daƙiƙa. Raba 300 da wannan, sai ka samu 49 da 'yan kai. Ga asalin "mita 49" da iyayenmu suka haddace.

Wani abin mamaki kuma, gajeren zango shi ne ya fi kowane nisan tafiya. Dalili shi ne igiyoyinsa sukan tashi sama su bugi wani rufi na sararin samaniya, su dawo ƙasa a wuri mai nisa, su sake tashi. Yanayin wannan rufi yana sauyawa tsakanin rana da dare, shi ya sa tashoshin ƙetare ke sanar da mita dabam da safe, mita dabam da dare. Tsofaffinmu sun lura da wannan sauyi tun kafin wani ya yi musu bayaninsa.

Mita Ta Sake Ma'ana

A 1992 gwamnati ta ba da damar kafa gidajen rediyo masu zaman kansu. Na farko ya fara aiki a Ikko a 1994, a Kano kuma Freedom Radio ta buɗe a 2003. Kusan duka sababbin tashoshin a kan FM suke, har gidajen jihohi irin su Rediyon Rima suka bi sahu. Ita FM ba ta bugun rufin sama, iyakarta inda dogon ƙarfen tasha ya hango, amma muryarta garau take.

Lambar da ke jikin tashar FM ba mita ba ce, megahertz ce. Duk da haka, saurari kowane mai gabatarwa, za ka ji ya ce "a kan mita 99.5". In da awo za a bi, igiyar wannan tasha mita 3 ce kawai. Ma'ana, kalmar da aka aro don tsawon taku ta koma sunan yawan taku, ba tare da kowa ya zauna ya yanke shawara ba. A Hausar yau, mita a bakin mai sauraro tana nufin adireshin tasha, ko da wane ma'auni aka rubuta shi. Masanin kimiyya zai ce kuskure ne. Ɗalibin harshe zai ce sauyin ma'ana ne, irin wanda ita kanta kalmar Turancin ta yi sau biyu. Wani abin ban dariya shi ne, Hausa tana da tata tsohuwar "mita" ta gado, wadda a rubuce ɗaya suke, watau yawan maimaita ƙorafi. Ashe dai ko ta ina aka bi, maimaici ake komawa.

Kada a ɗauka wannan duk zancen tsofaffi ne da wayar salula ta shafe. Ita ma wayar, tun zuwanta a 2001, a kan irin waɗannan igiyoyi take aiki, kuma hukuma ce ke ba da su, ita ke iya rufe su. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, ciki har da Raba da Goronyo, da nufin karya lagon 'yan bindiga. Ana cikin wannan hali, ranar Lahadi 17 ga Oktoba 2021, aka kai hari kasuwar Goronyo aka kashe fiye da mutum 40. Allah ya gafarta musu. A waɗannan makonni, wanda ke da ɗan'uwa a can ba ya da hanyar jin lafiyarsa sai ta bakin direbobi a tasha, sai kuma ta akwatin rediyo. Mutane suka koma wa zango iri biyu, na da da na yanzu.

Kammalawa

Na koma wurin abokina na ba shi amsa kamar haka. Idan nufinsa sau nawa abu ke faruwa, Hausa tana da "yawan aukuwa" da dukan danginta da na lissafa, sai dai mai fassara ya kula ya faɗi tazara tare da ƙidaya, musamman a asibiti da wajen gargaɗin ambaliya. Idan nufinsa inda ake kama tasha, jama'a sun riga sun yanke hukunci, mita ce, kuma ba na jin akwai wata hukuma da za ta iya cire ta daga bakinsu. Idan kuwa ajin kimiyya yake nufi, inda dole a rarrabe tsawon taku da yawan taku, to nan ne aiki ya rage. Shawarata ita ce a ce "yawan kaɗawa" ga ɗaya, "tsawon zango" ga ɗayar, a bar hertz da sunanta tun da sunan mutum ne.

Wannan aiki namu ne, mu 'yan ƙungiyar Hausa, tare da 'yan'uwanmu na sashen kimiyya. Bargery ya fitar da ƙamusunsa a 1934, Jami'ar Bayero ta fitar da nata a 2006, amma yaron sakandare a Wurno har yanzu yakan haddace darasin igiyoyi da Turanci ba tare da ya san yana magana ne a kan akwatin da ke rataye a kafaɗar kakansa ba. Ina kira ga duk wanda zai je gida hutu, ya zauna da tsofaffin garinsu ya rubuto mana kalmomin da suke amfani da su game da rediyo tun kafin su tafi da su, domin masu iya magana sun ce kunne ya girmi kaka. Inda na yi kuskure, ina roƙon malamaina su gyara mini. Allah ya sa mu dace, amin.